FILIN SANA'A: Injin Zarto A Hannun Mai Koyon Sassaƙa

A wannan wata za mu duba wata tambaya da ta yawaita a bakin samarinmu na Zango, musamman waɗanda suka gama makaranta, suka ga aikin ofis ya yi wuyar samu, suka juya ga aikin hannu. Tambayar ita ce: wanda yake so ya fara sassaƙa da injin zarto mai sarƙa, wane iri ya kamata ya saya? Tambaya ce mai nauyi, domin wanda ya yi kuskuren zaɓe yana iya asarar jarinsa, ko ya rasa yatsa, ko ya tsinci kansa a gaban alƙali. Saboda haka sai a gyara zama, mu bi maganar daki-daki.

Sassaƙa dai ba baƙuwar sana'a ba ce gare mu. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar tsugunne, ƙotar fartanya, allon karatu, ganga da kalangu, duk daga hannun masassaƙi suke fitowa, da gatarinsa da gizagonsa. Maƙwabtanmu ma gwanaye ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Mampong daga Kumasi ya ga garin Ahwiaa, inda ake sassaƙa kujerun Asante da gumakan ado, haka nan wanda ya hau dutsen Aburi ya ga rumfunan masassaƙa jere a bakin titi. Abin da ya sauya shi ne, yanzu wani sashe na aikin da kakanninmu suke yini suna yi da gatari, inji yana gama shi kafin shayi ya huce.

Shi wannan inji ya kai kimanin shekara ɗari a duniya. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, wani ɗan ƙasarsu kuma, Emil Lerp, ya fito da mai fetur a 1927 a ƙarƙashin sunan Dolmar. Irin haƙoran sarƙar da ake amfani da su har yau kuwa, wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya tsara su bayan ya lura da yadda tsutsar ƙwaro take gaigayar itace, ya kafa kamfaninsa a 1947. Amma duk waɗannan mutane saran daji ne a ransu. Sassaƙa daga baya ta ari injin, shi ya sa ba kowane inji ne ya dace da ita ba.

Abin da inji zai yi maka

Da farko dai ka sani, inji ba ya koya wa mutum sassaƙa. Aikinsa shi ne ya datse gungume, ya zubar da abin da ba a so, ya fitar da siffar abu sama-sama. Idan turmi ne, zai yanke maka tsawonsa, ya rage masa ƙugu, ya tsattsaga cikinsa don gizago ya sami sauƙin ƙwaƙulewa. Amma santsin ciki, da kaurin baki, da daidaiton gindi yadda turmi zai zauna ba ya rawa, wannan aikin ido ne da hannu. Wanda bai iya karanta jijiyar itace ba, wato bai san inda zai tsage da inda zai jure ba, inji zai taimake shi ne kawai ya ɓata gungume da sauri. Shawarata ita ce ka fara zama wurin mai gida masassaƙi, ka riƙe gizago har hannunka ya faɗa. A tsakanin nan, in kana bukatar a datse maka itace, ka biya wanda ya saba da inji ya yi maka, kai kuma ka tsaya kana kallon yadda yake tsayuwa da yadda yake riƙo. Sannu ba ta hana zuwa.

Babba ko ƙarami?

A nan ne mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe. Injin da aka fi sani a dazuzzukanmu shi ne babban nan na Stihl mai lamba 070. Shi ne samari suke gani a kafaɗar masu tsaga katako, sai su ɗauka cewa shi ne inji, sauran duk kayan wasa ne. Gaskiya ne yana da ƙarfi, amma an yi shi ne don kayar da manyan itatuwa. Girman injinsa ya haura cc 100, nauyinsa kuma ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. To, masassaƙi ba yanka ɗaya yake yi ya ajiye ba. Yini yake yi yana ɗagawa, yana karkatawa, yana shafar itace da bakin inji. Ka ɗauki galan mai cin lita 10 cike da ruwa, ka miƙe hannu da shi na minti biyar, za ka gane abin da nake nufi. Hannun da ya gaji shi ne yake kuskure.

Abin da ya dace da mai koyo shi ne ƙaramin inji, tsakanin cc 30 zuwa 40, mai nauyin kilo 4 zuwa 5. Misalinsu su ne Stihl MS 170 da MS 180 da waɗanda suka biyo bayansu, da Husqvarna 120 da 135, da Echo CS-310. Ban kawo sunayen nan don talla ba, na kawo su ne don ka san ajin da za ka nema. Irin waɗannan sun isa turmi, da kujera, da gangar jikin ganga. Ranar da ka sami gungumen da ya fi ƙarfinsu, sai ka yi hayar babba na yini guda. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai wani ƙarami kuma da za ka gani a kasuwa, wanda mariƙinsa yake a bisa kansa maimakon a baya. Yana da ban sha'awa domin ba shi da nauyi, har mutum ya ji kamar ya riƙe shi da hannu ɗaya. Kada ka saye shi. An yi shi ne don ƙwararru masu hawa itace suna rage rassa. Da yake hannuwan biyu suna kusa da juna a jikinsa, ba ka da ikon danne shi in ya yi tsalle. Mai koyo ya nemi mai mariƙi biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Fetur, lantarki ko batir?

Kowane ɗaya da ranarsa. Mai fetur yana zuwa ko'ina, gona ko bakin daji, kuma makanikai sun san cikinsa. Aibinsa ƙara da hayaƙi. A gidan haya na Nima ko Aboabo, inda ɗaki yake jingine da ɗaki, ba za ka yi kwana uku kana tayar da shi ba sai an kai ƙararka wurin mai gida. Hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar guba marar wari, wadda take kisa a ɗakin da ba iska. Ba a kunna shi a cikin shago rufe, ko da ruwan sama ake yi.

Mai waya, wanda ake jonawa da wutar lantarki, ya fi araha, ƙararsa da sauƙi, ba ruwanka da gauraya mai. Ga wanda yake da rumfa a cikin gari kuma wuta tana samuwa, shi ne na fi ba da shawara a fara da shi. Sai dai wanda ya ga zamanin dumso na tsakanin 2012 da 2016 ya san cewa mai dogara da wuta yakan yi zaman dole. Ka lura da abu biyu. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, alhali injinan hannu da ake kawowa daga Amurka na bolt 120 ne, in ka jona kai tsaye sai ya ƙone. Na biyu, wayar ƙari ta zama mai kauri, kuma kullum ta kasance a bayanka, nesa da sarƙa da kuma ruwa.

Mai batir shi ne sabon yayi, har kamfanin Makita, wanda ya sayi Dolmar a 1991, ya daina ƙera masu fetur a 2022. Yana da sauƙin sarrafawa, ba hayaƙi, ba jan igiya. Amma batir yakan ƙare aiki bai yi nisa ba, ga tsada, ga shi ba ya son zafin rana. Wanda zai saye shi ya tanadi batir biyu, ya kuma tabbata zai sami wani in waɗannan sun mutu. Kada rashin ƙararsa ya ruɗe ka, haƙoransa ba su san bambancin itace da nama ba.

Takobi da sarƙa

Dogon ƙarfen nan da sarƙa take zagayawa a kansa, bari mu kira shi takobi. Mai koyo ya tsaya a kan inci 12 zuwa 14, wato santimita 30 zuwa 35. Dogon takobi yana ƙara nauyi a gaba, kuma bakinsa yana taɓa abin da idonka bai kai ba.

Yanzu ga darasin da nake so kowa ya haddace. Sarƙa tana gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan sashen sama na hancin takobi ya taɓa itace, haƙori yakan cije maimakon ya yanka, sai injin gaba ɗaya ya yi tsalle sama, ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Wannan shi ne harbin inji, kuma ya fi ƙiftawar ido sauri. Matsalar masassaƙi ita ce, da hancin takobi yake yawan aiki. Don haka aka ƙera takobin sassaƙa na musamman, mai tsinin hanci kamar bakin tsuntsu. Da yake hancin ƙarami ne, wurin da harbi yake tasowa ya ragu ƙwarai, kuma yana shiga lungu. Irin wannan takobi da siririyar sarƙa yake tafiya, mai tazarar rubu'in inci, kuma in za ka sa ta dole ka canza ɗan faifan nan mai haƙora da yake jan sarƙa. Abu uku ne sai sun dace da juna: tazarar haƙora, kaurin ƙafar sarƙa da take shiga kwarin takobi, da yawan ƙafafun. Galibi an buga lambobin nan a gindin takobi. Ka kwafe su a takarda ka riƙa zuwa kasuwa da ita. Hancin takobin sassaƙa ba shi da abin juyawa a ciki, saboda haka yana saurin zafi, yana son mai da yawa, kuma ba a ɗaure sarƙarsa tamau.

Ba dole ne ka sayi wannan takobi ranar farko ba. Ka fara da wanda ya zo da injin, da sarƙa mai rage harbi, ka koyi yanka miƙaƙƙe da cikin takobi. Amma birki dole ne. Shi ne garkuwar nan da take gaban hannun hagu, wadda take tsayar da sarƙa nan take in inji ya yi harbi. Injin da ba shi da birki, ko aka cire masa, ko kyauta aka ba ka ka ce ka gode.

Wani abu kuma da ya shigo kasuwa shi ne faifai mai haƙoran sarƙa da ake ɗaura wa injin gurza ƙarfe. Masu sayarwa suna cewa ya fi sauƙin ƙwaƙule turmi. Ba shi da birki, kuma yana juyawa da gudun da ba a yi sarƙa dominsa ba. A 2021 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Ingila ta gargaɗi jama'a su daina amfani da shi saboda munanan raunuka. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Idan ka shiga kasuwa

Kafin ka tambayi kuɗin inji, tambayi inda ake sayar da kayan gyaransa. Ka zaga Suame Magazine in kana Kumasi, ko wurin makanikan garinku, ka ji wane iri ne suke da fuloginsa, da sarƙarsa, da igiyar tayarwa, da matatar iska. Injin da ba a samun kayansa, ranar da ya tsaya ya zama ƙarfen awo. Jabu ma sun cika kasuwa, launi iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ka saya wurin dillalin da aka sani, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin injin. Rasit ɗin nan zai yi maka rana wurin rajista. Akwai masu araha 'yan Sin da suke zuwa da sunansu na gaskiya. Wasunsu suna aiki daidai kuɗinsu, amma ka gwada birkinsu a gaban mai kanti.

Idan na hannu za ka saya, tafi da makanike, kuma ku yi gwaji biyar. Ɗaya, ka ɗaga injin da igiyar tayarwa kawai. In ya zube ƙasa da sauri, ƙarfin matsinsa ya tafi. Biyu, a kwance bututun hayaƙi a leƙa fistin, in akwai zane-zane a jikinsa, an taɓa gudu da shi ba mai. Uku, a tayar da shi yana sanyi, kada ka yarda da wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso. Huɗu, in an saki totur sarƙa ta tsaya cik. Biyar, a nuna hancin takobi ga kwali a ba shi wuta, ya kamata ka ga feshin mai. Araha ba ta ado, kuma mai sayar da kayan ƙwarai ba ya tsoron gwaji.

Mai da wasa haƙora

Injin fetur irin wannan ba shi da tukunyar man inji daban, a cikin fetur ake gauraya masa. Manyan kamfanoni sun ce kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 na man 2T a cikin lita 5 ta fetur. Wasu masu arahar suna bukatar 1 cikin 25, wato mililita 200. Ka bi abin da littafin injinka ya ce, ka auna da ma'auni, kada ka yi da ido. Fetur zalla yana kashe inji cikin 'yan mintoci. Kada ka gauraya abin da zai wuce wata guda a ajiye, domin yana lalacewa. Ita ma sarƙa da nata man daban. Na san al'adar zuba mata baƙin man da aka juye daga mota. Wannan mai ya riga ya mutu, cike yake da garin ƙarfe, yana cinye famfo da takobi, yana ɓata fuskar itace, kai kuma kana shaƙar feshinsa. Da hunturu kuwa, a riƙa share matatar iska kullum.

Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa manya-manya. In ka ga gari kamar na tuwo, ko ka ji sai ka danna kafin ta ci, ta dakushe. Ka sayi magagari mai zagaye daidai da sarƙarka. Mafi yawan ƙananan injina mai milimita 4 suke ci, kuma ana wasa haƙori a kan kusurwar digiri 30, kowane haƙori shafa iri ɗaya. Ƙasa da tsakuwa su ne manyan abokan gabar sarƙa, don haka ka ɓare ɓawo ka share gungume kafin ka fara, kuma ka duba ƙusa in itacen cikin gari ne.

Kare jiki

In kuɗinka na inji ne kaɗai, to ba su isa ba tukuna. Ka raba su uku: kashi biyu na inji, kashi ɗaya na kayan kariya da magagari da sarƙar ajiya. In abin ya yi nauyi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi adashi, wanda maƙwabtanmu suke kira susu. Ana bukatar tabarau ko ragar fuska, da abin toshe kunne, da takunkumin ƙura, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon nan na musamman mai zare a ciki, wanda yake cusa kansa cikin inji ya tsayar da sarƙa in ta taɓa shi. Ƙarar injin fetur ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne yake fara cutuwa in an daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Silifas, da jallabiya, da rawani mai jela, duk a bar su a ɗaki.

A ƙasa ake tayar da inji, birki a kulle. Hannun hagu a gaba, babban yatsa ya zagaye mariƙi. Ba a yanka sama da kafaɗa. A ɗaure gungume ko a tokare shi, kada a sa yaro ya riƙe, kada kuma a taka shi da ƙafa. Yara su yi nesa, amma babba ɗaya ya kasance inda zai ji kiranka. In yatsu suka fara mutuwa saboda girgiza, ka ajiye ka huta. In rauni ya auku, a danne da tsumma mai tsabta a nufi asibiti, kada a zuba fetur ko ƙasa ko toka. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa su tuna cewa rigakafi ya fi magani.

Itace da doka

Don koyo, nemi itace mai taushi. Akwai wanda Asante suke kira wawa, wanda ake sassaƙa jiragen masunta da shi. Sunan yana ba mu dariya, amma a hannun mai koyo ba shi da wauta ko kaɗan, ga sauƙin yanka, ga rashin nauyi. Sese shi ne na kujeru, tweneboa na ganguna. Ƙirya da ake so don turmi da taɓarya tana da taurin da yake dakusar da sarƙa nan da nan, sai a bar ta sai hannu ya nuna. Ɗanyen itace ya fi daɗin yanka, amma yana tsagewa in ya bushe da gaggawa, don haka a shanya shi a inuwa.

Sai maganar hukuma, wadda ba a wasa da ita. Tun 1998 dokar Gana ta wajabta wa mai injin zarto ya yi masa rajista a majalisar gundumarsa, ta kuma hana a tsaga gungume da shi a mayar da shi katakon sayarwa. An sabunta dokar a 2017, amma rajista da hanin suna nan. Bugu da ƙari, itacen katako da ya tsiro da kansa yana ƙarƙashin ikon gwamnati ko da a gonarka yake, ba kamar wanda ka dasa da hannunka ba. Madobiya kuwa tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu, kuma gwamnati ta sha hana sararta. Saboda haka, tun kafin ka biya kuɗin inji, ka je ofishin Hukumar Gandun Daji na gundumarku, ka bayyana irin aikin da za ka yi, ka ji abin da za su ce. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasa, laifin mutum ɗaya yakan shafi sunan unguwa baki ɗaya.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka sayi guntayen gungume daga masu izini, kamar a kasuwar katako ta Sokoban, ka riƙe takardar ciniki. Tsohon mangwaro ko darbejiyar da mai gida ya sa aka sare su ma suna da amfani wurin gwaji. Kaɗanya da ɗorawa kuwa, waɗanda iyayenmu mata suke samun man kaɗe da daddawa daga gare su, a bar su su yi ta ciyar da gida. Masassaƙin da yake so ɗansa ya gaji sana'ar, ya dasa itace duk damina, domin ƙiryar da ake sara yau wani ne ya bar ta ta girma.

A nan za mu dasa aya. Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawanmu masassaƙa, ƙofar wannan fili a buɗe take, a rubuto ta hannun edita. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake busar da itace da shafa masa mai don kada ya tsage ko ƙwari su ci shi.